Ranar da Falona Ya Kori Masu Neman Auren Ƙanwata

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da falona ya kori dattawan Badarawa, kuma da muryata ya kore su, alhali ina zaune a gabansu bakina a rufe.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Ƙauran Namoda, kuma tun ina yaro nake da ciwon son duk wani abu mai waya da madanni. Da na kammala ɗan ginina na sa sola, sai na ƙudurta cewa gidan nan sai ya zama irin wanda nake gani a bidiyo, inda fitila ke kunna kanta, fanka kuma ta san lokacin da zafi ya taso. Duk ƙarshen wata sai na shigo da ƙwan lantarki ko soket mai jin umarnin waya (matata Rabi ta daina tambaya, kallon ledar kawai take yi ta girgiza kai). Abin da ya rage shi ne ɗan akwatin da zai haɗa su duka ya riƙa ba su umarni, wato ƙwaƙwalwar gidan.

Zaɓen akwatin nan ya fi zaɓen filin gidan ba ni wahala. Akwai mai araha, amma komai nasa sai da intanet, kuma duk mazaunin yankinmu ya san sabis kan tafi ba sallama. Akwai wanda ake yi wa magana ya amsa. Na gwada shi a wani shago a Gusau, na ce ya kashe fitila da Turancin da na fi ji da shi, sai ya kama ba ni labarin ruwan sama na wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Na ukun ya ɗan fi ƙarfin aljihuna, sai dai ba ruwansa da sabis, yana da batir da lasifika a jikinsa, kuma abin da ka tsara masa zai yi shi a kan lokaci ko kana nan ko ba ka nan. Na haƙura da sauya tayoyin babur ɗina na saye shi, na ɗora shi kan kanta a falo, na yi sati ina ba abokan aiki labarinsa har suka fara sauya hanya in sun hango ni.

To, ina da abokai, su Bashari, waɗanda duk Asabar suke taruwa a falona kallon ƙwallo. Matsalarsu ɗaya ce, sun san hanyar shigowa amma ba su san ta fita ba, sai Rabi ta ƙara hannu a tuwon dare. Don tsokana sai na naɗi muryata a cikin akwatin, na tsara masa cewa duk Asabar, jim kaɗan bayan la'asar, ya kashe talabijin da fanka, ya sa fitila ta riƙa ƙiftawa, sannan ya yi ta maimaita saƙon sallamar baƙi har sai na tsayar da shi daga wayata. Ranar farko su Bashari sun yi dariya har da riƙe ciki, suka ce kar in kuskura in cire. Daga nan abin ya zama al'ada, har na daina lura da shi.

Ana haka aka sa ranar zuwa neman auren ƙanwata Asma'u, wadda ke zaune a wurina tana aikin jinya. Saurayin malamin firamare ne, ɗan Badarawa, sun daɗe suna son juna. Tun da mahaifinmu ya rasu maganar tana hannun ƙaninsa, Baffa Isiyaku na Zurmi, tsohon alƙali, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana asuwaki. Shi ya ce a yi zaman a gidana, shi ne kuma ya zaɓi Asabar. Na sanar da su Bashari kada su zo, na sa aka wanke darduma, na sayo lemo da goro. Komai na tuna ban da abu ɗaya.

Baffa ba ya son ganin waya a hannun yaro gaban manya (ina da 'ya'ya uku, amma a wurinsa har yanzu yaro nake), don haka na bar tawa a cikin gida. Baƙin sun makara a hanya, sai da muka yi la'asar tare a masallacin unguwa sannan muka dawo muka zauna. Jagoransu Alhaji Ummaru ne, yayan mahaifin yaron, babban manomin gero da dawa, dattijo mai magana a hankali. Da suka shigo fitila ta kunna kanta, na ga ɗayansu ya ɗaga kai yana kallon silin, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ba ni ba, zuciyata fara tas.

An gaisa, an tambayi damina da mutanen gida, an yi addu'a. Alhaji Ummaru ya gyara zama ya fara bayanin abin da ya kawo su, yana yabon tarbiyyar gidanmu, yana cewa tun zamanin kakanmu an san mu da karrama baƙo. Daidai nan fanka ta tsaya. Fitila ta ƙifta. Nan take na tuna abin da ke biye.

"Jama'a, hira ta yi daɗi amma ta isa haka nan," in ji muryata daga kan kanta, cikin nishaɗi. "Kowa ya nemi takalminsa. Shayi ya ƙare, tuwon gidan nan kuma ba da ku aka tuƙa ba. Wanda bai da gida ya faɗa a nema mishi."

Baƙin suka dube ni, suka ga bakina a rufe, suka dubi juna. Kafin in motsa akwatin ya sake ɗaukowa daga farko. Na zabura na fizge wayarsa daga bango, amma batirin da na yi ta alfahari da shi ya ci gaba da aikinsa. Na danna duk abin da ke dannuwa, a banza. Cikin ruɗewa na cusa shi ƙarƙashin babbar rigata na rungume, sai ya zamana muryar tana fitowa daga cikina, tana tambayar dattawan Badarawa ko suna da gida.

Da gudu na faɗa cikin gida. Rabi na tsaye bayan labule da wayata a hannu, ta kasa buɗe ta saboda sai da yatsana, ta toshe baki da gyale kafaɗunta na rawa. Asma'u kuwa hawaye take yi na gaske, ta ce in auren nan ya lalace, ni da akwatin sai ta jefa mu rijiya. Na sa yatsa mai gumi, wayar ta ƙi, na goge a riga na sake, sannan aka samu shiru.

Komawa falon nan shi ne tafiya mafi nisa da na taɓa yi. Biyu daga cikin baƙin sun riga sun miƙe. Baffa bai dube ni ba, carbinsa kawai yake ja. Na durƙusa na yi bayani tun daga ƙwallo har su Bashari, ina yi ina jin yadda bayanin ya fi laifin muni. Alhaji Ummaru bai motsa daga inda yake ba. Ya bari na gama, ya tambaya ko da gaske muryata ce, na ce tawa ce. Ya yi wa mutanensa alama su zauna.

"To ɗana, mun ji saƙo, kuma muna da gida," ya ce, gemunsa na ɗan motsi. "Za mu tahi. Amma ba mu neman takalmi sai an ba mu abin da munka zo biɗa."

Wani daga gefe ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka bi. Baffa ya yi gyaran murya, ya ba su haƙuri a madadina, ya ce an ba su Asma'u. Aka shafa fatiha cikin zafi, domin ban yi ƙarfin halin sake kunna fanka ba.

Da aka watse na raka Baffa mota. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya juyo ya ce duk shekarun da ya yi yana alƙalanci bai taɓa ganin mutum ya ba da shaida a kan kansa da baki rufe ba sai yau. Ya rufe ƙofa da sauri, amma ta gilashi na ga ya kifa fuska a hannun riga.

An yi biki lafiya, Asma'u ta huce bayan na saya mata atamfa. Har yau in na je Badarawa gaishe ta, tsofaffin gidan kan tarbe ni da fara'a, su ɗauke takalmina su ɓoye, su ce sai na ci tuwo tukuna, da ni aka tuƙa. Akwatin yana nan yana aikinsa, ban ga laifinsa ba, abin da na ce ya faɗa ya faɗa. Ni dai na koyi darasi: duk maganar da ba zan iya maimaita ta a gaban Baffa ba, na daina faɗa wa na'ura.