Bokitin Da Na Kai Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga asibiti da sabon bokiti a hannu ba, ina tafe ina taƙama kamar wanda ya zo karɓar gado. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, gidana kuma a unguwar Agege. Matata Hajara ta daɗe tana fama da ƙari a mahaifa, wannan da likitoci ke kira faibroid. Jini ya ƙi tsayawa, ta rame, ta yi fari fat, ko shara ta yi sai ta zauna ta mai da numfashi. Asibitin farko suka ce sai dai a cire mahaifar gaba ɗaya, ita kuwa ta ce a kai kasuwa. Ta yi ta fafutuka har aka haɗa ta da wata likita a wajen Isolo, wadda ta ce akwai hanyar da za a bi ba tare da an raba ta da mahaifarta ba.

To, nan nawa ya shigo. Ni mutum ne mai kunya (ko in ce haka nake kiran abin a lokacin). Da an ambaci mahaifa ko jinin al'ada, sai in ce Allah Ya sawwaƙe, in fara neman takalmina. Ranar da na raka ta ganin likitar, tana ɗauko hoton cikin mace ina miƙewa, na fita amsa wayar da ba wanda ya kira. A gida ma Hajara ta sha ƙoƙarin yi min bayani, ni kuma in ce ai likita ta san aikinta, mu dai namu addu'a. Abin da kawai ya zauna a kaina shi ne ranar Talata za a yi aiki.

Bayanin da na ƙi ji a bakin matata, shi na je na saurara a bakin Alhaji Tanko, maƙwabcina a kasuwa, muna zaune kan buhunan albasa. Shi tasa matar an taɓa yi mata tiyata a Arewa, an tsaga ciki, aka fito masa da ƙarin a cikin kwano, manya-manya kamar dankalin Hausa. Ya ja ni gefe ya ce duk abin da aka ciro daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi, kada in kuskura in bar musu. Ya ƙara da cewa nan fa Legas ce, ba wanda ya san inda abin zai kwana. Na yi masa godiya har da riƙe hannu, ina jin Allah Ya haɗa ni da masani.

Wallahi na yi shiri. Na sauka Oshodi na sayi bokiti mai murfi, da yadin fari, da turare. Na samu mai gadin maƙabarta na roƙe shi ya tona min ɗan rami a gefe. Ko Hajara ban gaya wa ba, don kada in tayar mata da hankali. A raina ina cewa mazan da ke kula da matansu irina ai sun yi ƙaranci.

Ranar aikin surukata Hajiya Inna ta riga ni isa, takanas ta taho daga Zariya. Na durƙusa na gaishe ta, na koma can ƙarshen benci na ajiye bokitina tsakanin ƙafafu. Ta dube shi ta sa min albarka (daga baya na ji ashe ta zaci farfesu ne).

Ba a wani daɗe ba sai ga likitar ta fito tana murmushi, ta ce an gama lafiya. Na yi hamdala, na miƙe, na cire murfi, na shimfiɗa farin yadi a ciki, na miƙa mata. Ta dubi bokiti, ta dube ni. Da turancina na kasuwa na ce ta ba ni abin da aka ciro. Ta ce ba abin da aka ciro.

Nan fa halin kasuwar albasa ya hau kaina. Na manta asibiti nake, na saki muryar da nake yi wa direbobin tirela. Na ce cikin biyu dole a yi ɗaya, ko dai ba su yi aikin ba, ko kuwa sun ɓoye. Na ce ni ba baƙo ba ne a garin nan, na san abin da ake yi da naman mutane. Masu jiran layi suka miƙe, wata mata ta dafe kai tana kiran sunan Allah da Yarabanci, mai gadi ya taho yana ce min oga a yi haƙuri. Ni kuwa na kafe, na ɗaga bokiti sama na ce, "Ba inda za ni sai an ba ni kayan matata."

Likitar nan, Allah Ya saka mata, ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce in biyo ta. Hajiya Inna ta bi bayanmu.

Muka tarar da Hajara kwance, idonta biyu, tana ɗan cije leɓe don marar na murɗa mata. Na tambayi ina ɗinkin. Ta ɗago hannu ta nuna min wuyan hannunta, ɗan filasta ne a wurin, bai kai faɗin ashana ba. Likita ta faɗa mata abin da na aikata a waje. Hajara ta dubi bokiti, ta dubi farin yadi, sai dariya ta kama ta, tana yi tana riƙe mara tana cewa a fitar da ni kada in kashe ta.

Da ta samu ta tsagaita, ita da kanta ta yi min karatun, a gaban mahaifiyarta. Ta ce ta nan wuyan hannu aka zura wata siririyar roba cikin jijiya, suna kallo a na'ura har ta isa jijiyoyin da ke kai wa ƙarin jini, sai aka tura wasu 'yan ƙwayoyi kamar yashi suka toshe hanyar. Ta ce in tuna noman rani a garinmu, in an datse ruwa daga fangali, abin da ke ciki da kansa yake yanƙwanewa. Ƙarin yana nan a ciki, a hankali zai motse cikin watanni, mahaifa kuma tana nan daram.

Sai kuma dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Baban Ummi, duk wannan na faɗa maka a ɗaki, mu biyu. Tsoro nake ji lokacin, ina neman wanda zai saurare ni, kai kuma kana neman takalmi."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Na so ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Hajiya Inna ta juya tana gyara mayafi, wai ita ba ta ji ba, kafaɗunta kuwa sai rawa suke saboda dariyar da take dannewa. Na koma waje na ba likita haƙuri, na ba mai gadi, har matar da ta dafe kai sai da na ba ta.

Alhamdu lillahi, bayan kwanakin ciwon mara Hajara ta fara dawowa. Jinin ya daidaita, kumatu suka fito, yanzu da ƙafa take zuwa kasuwar Agege ta dawo tana min faɗa. Duk ranar komawa asibiti kuwa ni ne a kujerar gaba, ina jero tambayoyi har likita ta fara duba agogo.

Abin da na koya bai da yawa. Kunyar da mutum ya guda a cikin ɗakinsa, tana can tana jiransa a bainar jama'a, kuma da suruka take zuwa. Yanzu in Hajara ta ce min zauna mu yi magana, waya ma kashe ta nake yi.