Rasuwar 'Yar Jos a Kan Faifai na Goma Sha Biyar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai nauyi, ni Malam Hammanjoda Hayatu na unguwar Majidaɗi B, Jalingo, a madadin kaina da iyalina, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda aka fi sani da 'Yar Jos. Ta cika ranar Asabar, sha shida ga watan Agusta, 1997, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburinta, bayan gajeruwar jinya da ba ta kai minti goma ba. Wanda ya ga wannan sanarwa da rubutun biro ya yi haƙuri, mai buga mana rubutun ce ta tafi.

Ba mu san ranar haihuwar marigayiya ba. A Jos na same ta a shekarar 1994, ta riga ta yi wa wani aiki a wata ƙasa har wasu haruffan kibod ɗinta sun goge. A kan cinyata ta iso garin nan, ta Gombe da Numan, na naɗe ta da bargo, ban yarda an sa ta a but ɗin mota ba. Ranar da ta sauka rabin Majidaɗi sun zo kallo. Da suka ga ba ta nuna ƙwallo, ba ta nuna fim ɗin Indiya, sai suka yi mini sannu suka watse. Amma ba a yi wata guda ba suka dawo, don lokacin jiha sabuwa ce, kowa yana neman aiki, kowa yana son takardarsa ta fita tsaf. Ba ta taɓa kore kowa ba. Ta rubuta wa mai neman aikin masinja, ta rubuta wa mai neman kwamishina, da fuska ɗaya.

Mai haƙuri ce, mai riƙe sirri, ba ta da yawan magana. In an tashe ta da safe, sai ta ce "ƙiiit," sau ɗaya tak, ta ɗan yi nishi, ta fara aiki. In an ba ta faifai, wato 'yar baƙar diskin nan mai kusurwa huɗu, sai ta karɓa ta ce "gurrr, gurrr, tak." In abu bai yi mata ba ta ce "ɗin!" ta yi shiru, ba ta ƙara ko kalma. Gaskiya tana da nawa. Mutum yana iya kunna ta ya je ya yi alwala ya dawo bai same ta a shirye ba. Sai dai wanda ya zauna da ita ya san nawar dattaku ce. Wallahi ina kewar wannan nishin.

Babbar amanar da ta riƙe ita ce littafin gidan surukaina. Shekara uku matata Hajaratu tana zuwa rugar iyayenta da ke can bayan Mayo Gwoi, ta zauna gaban mahaifiyarta, wadda muke kira Dada, tsohuwar tana ba da labari ita tana rubutawa a littafin makaranta: daga ina suka taso, ina suka yi damina, sunayen shanu, sunayen 'ya'yan da suka rayu da waɗanda ba su rayu ba, da yadda aurenta da mahaifin Hajaratu, wanda muke kira Baffa, ya kasance tun yana saurayi mai sanda a kafaɗa. In Hajaratu ta dawo, ni kuma in buga a kwamfuta. Shafi ɗari da sittin muka tara. Bara Dada ta rasu, wata ɗaya bayan ta ce ta gama. Tun daga ranar, buri ɗaya Baffa yake da shi: a mai da maganar matarsa littafi, a karanta masa ita daga farko har ƙarshe.

A nan ne ni ɗan boko na shigo da nawa iyayin. Na dubi abin da firinta take fitarwa na ga kamar takardar ofis, na ce a'a, maganar Dada ta fi ƙarfin haka. Littafin gaske nake so, mai lamba a gindin kowane shafi, mai kan babi da manyan haruffa, layuka su tsaya daidai hagu da dama. Maƙwabcina Elias, malamin lissafi, ya ce akwai firogiram da masu ɗab'i suke tsara littafi da shi, abokinsa a Yola yana da shi, amma sai an kai faifai goma sha bakwai a kwafo. Na zaga Jalingo kaf ban sami mai sayar da faifai ba. Na tattara nawa, suka kama sha huɗu. Sai na dubi ukun da na adana kwafin littafin a ciki, na ce ai littafin yana nan cikin cikin 'Yar Jos, me zai same shi? Na goge su, na cika sha bakwai na ba Elias. Ina roƙon masu karatu su tsaya a nan su yi mini tsaki, na cancanta.

Wahalar marigayiya ta fara ne da dawowar fayafayan nan daga Yola. Sau uku muka gwada saka mata firogiram ɗin. A karo na farko muna kan faifai na shida wuta ta ɗauke, aka koma farko. A karo na biyu ta ƙi na tara, tana ta "ɗin! ɗin!" har Elias ya zaro shi, ya hura masa iska, ya goga a rigarsa, ya mayar, ta karɓa kamar ba ita ba. Sai kuma ta hau yi mana tambayoyi da wani irin Turanci wanda shi kansa Elias sai ya cire tabarau ya sake sawa. Wace irin takarda? Wace irin firinta? Ina za a ajiye haruffa? Muka amsa wanda muka sani, wanda ba mu sani ba muka danna Enta muka bar wa Allah. Can ta ce cikinta ya cika. Muka goge wasan kati, muka goge duk wasiƙun neman aikin mutanen Majidaɗi, har da na waɗanda ba su samu ba tukuna. Da ta sami wuri, wuta ta sake ɗaukewa.

Ranar Asabar ɗin Elias ya kawo janaretonsa, ya ce yau sai an gama. Tun hantsi muke ciyar da ita faifai ɗaya bayan ɗaya, tana karɓa lafiya lau, har muka kai na goma sha biyar, wanda haruffa suke ciki. Ta nuna za ta daɗe a kansa. Elias ya duba agogo, lokacin koyon waƙa a cocinsu ya yi. Yana fita ya juyo ya nuna ni da yatsa ya ce, "Malam, kwamfuta ɗin nan yana aiki fa. Kar ka taɓa shi, kar kowa ya taɓa shi. Ko akuya ya shigo, ka bar akuya, ka lura da shi." Na ce ya tafi abinsa, ina nan daram.

Sai ruwa ya sauko, irin na Agusta mai zuwa da iska. Ana cikin ruwan na ji sallama a ƙofar gida, muryar da ko cikin barci na san ta. Baffa ne. Ya tako tun daga ruga, don an ce masa littafi ya kusa fita.

Ga baƙin da ba su san al'adarmu ta Fulani ba, sai na yi bayani. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa tsayawa da takalmi inda yake zaune ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma ko a wannan takarda ba za ku ga sunansa ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce, daga nesa, a tsugune. In ya shiga ɗaki, ni na fita. Haka na yi. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango kamar yadda ya kamata, na sulale waje na raɓe ƙarƙashin rufin kwano, kusa da taga. Hajaratu ta shimfiɗa masa darduma a falo, ta ajiye masa buta, ta wuce kicin ɗumama masa madara.

Ta tagar nan na ga komai. Dattijo ya jiƙe sharkaf. Ya tuɓe babbar rigarsa yana neman inda zai shanya, sai ya ji ɗumi yana tasowa daga 'yan ramukan da ke saman kan marigayiya. Ya ɗora tafin hannu, ya gyaɗa kai, alamar ya yaba da kayan zamani. Ya baza rigar a kanta, ya rufe ta ruf har fuska, ya warware rawaninsa ya ɗora a sama. Ruwa yana ɗiga, ɗis, ɗis, yana bin ramukan.

Jama'a, taku huɗu ne tsakanina da ita. Kalma ɗaya ta isa. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce wa surukina ya ɗauke rigarsa? In koya masa inda ake shanya? Kicin yana can ƙarshen tsakar gida, ga ruwa a kan kwano, ga janareto yana ruri, ko na kira Hajaratu ba za ta ji ba, kuma ɗaga murya da sunan 'yarsa a kunnensa wani abin kunyar ne. Sai na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi: na yi gyaran murya. Ya ce, "Lafiya, Malam?" Na ce, "Lafiya lau, Baffa."

Kalmomin ƙarshe na marigayiya su ne "tsss," sannan "ɗas!" Hayaƙi ya fito ta wuyan rigar. Baffa, Allah ya ƙara masa lafiya, bai ruɗe ba ko kaɗan. Ya fizge rigarsa, ya ɗauki buta, ya juye ta duka a kan akwatin, ya bi kowane rami da ruwa har hayaƙin ya mutu. Sannan ya dubi bango ya ce, "Allah ya kiyaye. Da ban zo ba, da gidan nan ya ƙone." Na ce, "Mun gode, Baffa." Hawaye na zuba mini, shi kuma ya ɗauka na godiya ne.

Mun kai ta Jos, garin da ta fito, wajen masu gyara. Suka buɗe, suka duba, suka rufe, suka ce duk abin da ke cikinta ya tafi tare da ita.

Ta rasu ta bar firinta ɗaya, wadda tun ranar ba ta ce uffan ba. Da kibod mai gogaggun haruffa. Da ɓera mai doguwar wutsiya. Da sitabilaiza, wanda aka ɗauka don ya kare ta daga wuta, ashe ba ta can abin zai zo ba. Ta bar faifai goma sha shida, ban da na goma sha biyar da yake bakinta har yanzu, mun kasa zarewa. Ta bar Elias, wanda ya ce in da a gidansu ne da ya ce wa tsohon, "Baba, cire riga!" a wuce wurin, na ce masa shi ya sa ba a ba shi 'yar Fulani ba. Ta kuma bar Baffa zaune a falona kwana goma sha biyu ke nan, ya ce ba zai koma ruga ba sai ya ji muryar matarsa. Bai san littafin a cikin akwatin yake ba. A saninsa, abin shanya ne ya lalace.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka ranar Alhamis bayan la'asar za a naɗe ta a bargonta, a ɗora ta saman wadrob. Za a karɓi gaisuwa a barandar Elias, tunda maigida ba ya iya zama a falonsa. Ana roƙon masu zuwa kada su ambaci sanadin rasuwa inda Baffa zai ji. Ba a bukatar goro, ba a bukatar gumba.

Abu ɗaya iyali suke roƙo. Masu hankali za su tambaya, ina littattafan da Hajaratu ta rubuta da hannunta? To, ga amsa, kuma ni kaɗai zan ɗauki kunyarta. Watan jiya, da na ga komai ya shiga kwamfuta, na tsaya a tsakar gida na yi jawabi cewa zamanin takarda ya wuce, na kwashe su guda tara na kyautar wa Uwani mai ƙosai ta bakin titin Barade. Mun je, ta ce na ƙarshe ya ƙare ranar Laraba. Saboda haka duk wanda ya sayi ƙosai a wurin Uwani daga farkon Yuli zuwa yau, don girman Allah ya duba aljihunsa, da ƙarƙashin benci, da kwandon shara. Rubutu ne da shuɗin biro, ya ɗan karkata hagu. Ko mai ya cinye rabinsa, a kawo.

Shafi biyu muka samu zuwa yanzu. Ɗaya sunayen shanu ne. Ɗayan Dada ce take faɗin abin da ta gaya wa Baffa shekarar da ya tafi da garke kudu ya bar ta da goyo: "Na ce masa, in damina ta faɗi ban gan ka ba, zan ɗauki yarinyar nan in bi sawun shanunka har inda kake. Sai ya yi dariya, ya ce..." A nan mai ya cinye sauran. Jiya da hantsi Hajaratu ta durƙusa a bakin ƙofar falo ta karanta masa. Ya saurara, idonsa a rufe. Da ta kai inda mai ya cinye, ya jira ta, ya jira ta, sannan ya ce, "Ci gaba, ina ji."

Sa hannu,
Malam Hammanjoda Hayatu,
Majidaɗi B, Jalingo.