Buhunan Ɓawon Gyaɗa da Suka Mayar da Ni Attajiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranin da na zama babban ɗan fasa-ƙwauri a Magama, garinmu na bakin iyaka, ba tare da na tsallako da ko ƙwayar shinkafa ba.

Ni tela ne, amma ina da ɗan lambu a bayan gari inda nake shuka tumatir da albasa da latas. Ina son lambun, cirar ciyawa ce dai na tsana. In na duƙa da safe, sai na yi kamar zan kira mutane su miƙar da ni. Surukina kuwa, Baba Ila, manomi ne na gaske, kuma tun da ya ba ni 'yarsa yake min kallon malalaci. Duk ya biyo ta lambun ya ga ciyawar ƙiri-ƙiri ta fi albasa tsayi, sai ya girgiza kai ya wuce. Wannan girgiza kan ta fi zagi ciwo, kuma babu abin da nake so kamar ranar da zai kalle ni a matsayin mutum.

Sai na ji cewa in aka lulluɓe fangali da ɓawon gyaɗa, ciyawa ba ta samun hasken fitowa, ƙasa kuma tana daɗewa da danshi. Masu ƙuli-ƙuli a Riko zubar da ɓawon suke yi, suka ce in kwashe har su gode min. Na nemo tsofaffin buhunan shinkafar waje, waɗanda ba sa wuyar samu a garinmu, na dinga cika su. (Nan ne telancina ya cuce ni: bakin kowane buhu sai na ɗinke shi tsaf kamar daga kamfani ya fito.) Ɓawo ba shi da nauyi, don haka nake labta wa babur har sai ƙafafuna kaɗai ake gani.

Ba a yi mako ba gaisuwar mutane ta canja. Mai shayi ya fara ƙara min madara. Wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, daga Maraɗi ya kama hannuna ya ce, “Patiro, maigida, ashe kai ma ka shigo harka? Allah shi rufa asiri.” Abin da ya kamata in ce shi ne ɓawon gyaɗa ne. Abin da na ce shi ne, “Amin, ana dai taɓawa.”

Matata Rabi ta gargaɗe ni. “Malam, ka hwaɗa ma mutane gaskiya. Inna har ta aiko wai a aje mata rabin buhu na Salla.” Na ce ta bari, zance ne zai wuce. Gaskiyar magana daɗi nake ji, domin a ranar ne Baba Ila ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya ce in kula da kaina a hanya, sana'ar akwai haɗari. Bai yaba ba, amma bai girgiza kai ba, ni kuwa na tafi gida ina tafiyar masu kuɗi.

Ranar kasuwa na taso daga Riko da lodi mafi girma. Ina hawowa kwalta sai ga jami'an kan iyaka sun ɗaga min hannu. Na tsaya, kuma kafin in kashe babur jama'a sun kewaye mu. Wani ya ruga ya kira Baba Ila. Tsoho ya zo yana haki, hularsa a karkace, ya dafa babban jami'in.

“Ranka shi daɗe, yaron ga surukina ne. Sabon shiga ne, iyali gare shi. A duba min.”

Nan fa ya kamata in buɗe baki. Na duba fuskokin mutane cike da tausayi da girmamawa, wallahi sai na ji gara a kama ni. Sai na sunkuyar da kai irin na wanda ya yi babbar asara.

Jami'in ya ce aiki ne, dole ya duba. Ya kama buhun sama da hannu biyu, ya tattara ƙarfi ya yunƙura, buhun ya tashi sama kamar matashin kai har ya kusa kifar da shi. Ya tsaya yana kallona. Sannan ya sa wuƙa ya farke ɗinkina mai kyau, ɓawon gyaɗa ya zubo shaa a kan takalminsa. Ya farke na biyu, haka. Na uku, haka.

“Malam, mene ne wannan?”

“Na lambu ne,” na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. “Maganin ciyawa.”

Wanda ya fara dariya direban kamyon nan ne, daga nan kowa ya ɗauka, har jami'an. Baba Ila kaɗai bai yi ba. Ya duƙa ya ɗebi ɓawon, ya murza a hannu, ya ce, “Wato don kar ka duƙa ka ciri haki na bar sayen akuya na zo ina roƙon gwamnati?”

Abin haushin, dabarar ta yi aiki. A ranin nan ciyawa ba ta dame ni ba, ban-ruwa ya ragu, tumatir ya yi kyau har Baba Ila ya aiko in kawo wa nasa lambun. Ya dai ƙara da cewa in juya buhunan ciki-waje, kuma kada in kuskura in ɗinke.

Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya tambaye ni nawa buhu ya kai. Na dai koyi cewa in mutane suka ba ka girman da ba naka ba, ka mayar musu da abinsu tun kuna ku biyu, domin ranar karɓa gari guda ake tarawa.