Laftof ɗin Malama Damaris

Ranar Talata ina cikin layin mai a nan Kafanchan, na tura babur taku uku cikin awa biyu, sai ga maƙwabciyata Malama Damaris rungume da wani abu a cikin zane kamar jariri marar lafiya.

"Baban Mildred, ya mutu," in ji ta.

Na cire hula. Ashe laftof ne.

Malama Damaris ita ce ke koya wa mawaƙan cocinmu waƙa. Shekara biyu ke nan tana zuwa Kagoro wurin Baba Kumai, tsohon da ya haura tamanin, wanda shi kaɗai ya rage da tsofaffin waƙoƙin sujada na yarenmu a ka. Yana rerawa, tana rubuta sautin a wata manhaja da ke jera muryoyi huɗu ta kuma rera su. Sun gama talatin da ɗaya, saura tara, ga Baba kullum ƙirji na damunsa. Ana cikin haka wuta ta dawo bayan kwana tara, ta dawo da fushi kamar mu muka kore ta, ta ƙone laftof ɗin.

Mahfuz mai gyara ya buɗe cikinsa ya girgiza kai. "Malama, waƙoƙinki na nan, na ciro su. Amma wannan sai dai haƙuri."

A nan ne na yi kuskuren ba da shawara. Na ji a layin mai cewa wani Mai Girma, Inuwar Talakawa, Rijiyar Alheri, zai raba wa malamai laftof ranar Alhamis. Na ce mu je, tunda babu kuɗin shiga.

Jama'a, a yaba wa wanda ya isa yabo. Rumfa goma sha biyu na ƙirga. An kawo masu ganga, an kawo mai gabatar da wanda zai gabatar da Mai Girma. Malamai sun fi ɗari biyu, laftof shida ne a kan tebur. Na damu da wannan lissafi har aka fara rabo, sannan na ga hikimar manya. A kira sunanka, a miƙa maka, a ɗauki hoto, wani mai baƙin tabarau ya karɓe a bayan rumfa, ya zagayo wa na gaba da shi. Da laftof shida aka wadatar da kowa.

Da aka kira Malama Damaris, maimakon ta kalli mai hoto sai ta buɗe abin tana neman maɓalli.

"Ranka ya daɗe, ram ɗinsa nawa ne?"

Mai Girma ya waiwayi mai tabarau. Mai tabarau, da ya ɗauka ram na Turanci take nufi, ya matso. "Madam, laftof muka ce za mu raba, ba rago ba. Yi murmushi kawai."

Ta yi murmushin. Aka ce za a kai laftof ɗin ofis a manna musu lamba, kowa ya jira kira. Muka dawo da hula ɗaya mai hoton Mai Girma da ledar ruwan fiya wata guda biyu.

Muka hau babur har muka wuce shataletale. Sannan ta ce, "Baban Mildred, Baba Kumai ba zai iya jiran kira ba. Kai ni wurin Mahfuz."

Mawaƙa sun riga sun yi karo-karo, wata ma da buhun citta ta zo. Mahfuz ya jera mata guda uku. Na farko siriri ne, sabo fil, yana ƙyalli kamar motar rakiyar manya. Na biyu fuskarsa da faɗi kamar talabijin. Na uku tokumbo ne, wato na hannu, baƙi, mai nauyi, da tabo a murfi, harafi ɗaya ma ya goge.

Ni dai na nuna na farko. "Malama, wannan ko a gaban bishop kika buɗe shi ba za ki ji kunya ba."

"Ba kallonsa za a yi ba, Baban Mildred. Waƙa zai yi."

Ta sa Mahfuz ya ɗora manhajar a kan duka ukun, ya zuba waƙar Baba mafi tsawo. Mai ƙyallin ya fara da kyau, amma da murya ta uku ta shigo sai ya kama in'ina, irin ta babban mutum da aka tambaya ina kwangilar titi ta kwana. Mahfuz ya ce ram ɗinsa, wato ƙarfin ƙwaƙwalwarsa, huɗu ne kawai, kayan sun fi ƙarfinsa. Mai faɗin fuska ya ɗauki waƙar tiryan-tiryan, layukan sun fito manya, har Malama ta fara gyaɗa kai. Sai ta ce a zare caja. Ko minti ashirin bai yi ba ya ɗauke. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙon Kirsimeti, wannan ado ne kawai.

Tsohon baƙin nan kuwa, ram takwas, aka zare masa caja ko a jikinsa. Ta sa sifika, ya rera muryoyi huɗu daga farko har Amin. Wata mata da ta zo gyaran waya ta tsaya cak. Ta ce rabonta da jin wannan waƙa tun ranar jana'izar kakarta.

Mahfuz ya ce, "Ni ban san yaren ba, amma wannan ya shiga jiki. Ki ɗauka, batirinsa zai kai ki awa biyar."

Washegari na kai ta Kagoro da sauran man da ke tankina. Baba Kumai na zaune a gindin mangwaro da bargo a kafaɗa. Ta kunna masa. Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Can ya ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yata. Wannan na ƙasan, mai babbar murya, ya yi sauri. A nan ana numfashi tukuna."

Ta taɓa wuri biyu, ta sake kunnawa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya share ido da bakin bargo, ya ce ta buɗe sabon shafi, yau yana jin ƙarfin yin biyu.

Ni kuwa na koma gefe ina mamaki. Shekarata hamsin da huɗu a ƙasar nan, ranar na fara ganin an ce wa mai babbar murya ya yi kuskure, ya gyara nan take, ba tare da an kafa kwamiti ba.