Ranar da Na Tada Cikin da Ya Kwanta

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗan Abu ba, ko da na so in manta, kuma Allah ya sani na so. Yanzu haka ina rubuta wannan a ɗakin kwananmu na lakwal, wato makarantar boko, an yi kaka an gama tun faruwar abin, amma in na tuna sai in ji kamar na hango gardi, dogarin Nasara, a ƙofar gida.

Bari in fara gaya muku wace ce ni, don ku gane girman wautar. Ni ce ƴa mace ta fari a unguwarmu a Dakoro da ta gama ƙaramar lakwal aka wuce da ita kwaleji a Yamai. Ba da son Baba aka sa ni ba tun farko. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, shi ya ce a kawo yara, mai gari ya nuna gidanmu. Amma da tafiya ta yi tafiya sai aka fara nuna ni da baki ana cewa ga wadda za ta zama likita, ni kuma na ɗauki maganar na aza a ka. In na zo bakans, wato dogon hutu, da damina, takalmi a ƙafa, ko gaisuwa sai na ɗan haɗa da Faransanci (har da kakata, wadda ba ta jin Hausar ma sai an ɗaga murya).

A shekarar nan ne Madamu, wata doguwar Bafaranshiya mai koya mana ilimin jiki, ta shigo wata rana ta rufe ƙofa da tagogi, ta rataya hoton mace an buɗe cikinta. Muka rufe fuska da hannu muna leƙe ta tsakanin yatsu. Ta ce a jikin mutum akwai wasu ƴan ƙululai na nama, galand ake kiransu, aikinsu su zuba saƙo a cikin jini, saƙon kuwa sunansa ormon. Akwai na wuya, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Akwai na bisa ƙoda, mai sa zuciya bugawa in an tsorata. Babbansu kuwa yana can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai wuce ƙwayar wake ba, amma shi ke ba saura umarni. Shi ke aika wa gidan ƙwan mace cewa lokaci ya yi, gidan ƙwai ya aika wa mahaifa ta yi shimfiɗa. In baƙo bai zo ba a naɗe shimfiɗar, jinin wata ke nan. In ya zo, wani saƙon ya riƙe ƙofa a rufe har wata tara, sannan wani ya tada naƙuda, wani ya kawo nono.

Ni dai abin ya shige ni ƙwarai. Na ce ashe a kan kowace mace akwai ƙaramin kumandan zaune a barikinsa yana aika masu raƙuma ƙauye ƙauye. Na ci jarrabawar da maki mafi yawa. Na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Maradi, daga nan zuwa gida, da wannan ilimi yana yi min ƙaiƙayi a baki.

Abu matar yayana ce, Yaya Isuhu. Ƴar garin Mai Yara ce, mai dariya har da hawaye, kuma duk gidan ita kaɗai ba ta taɓa yi min gorin boko ba. Haihuwarta ta fari ba ta zauna ba. Ba a jima da wannan ba aka ɗauki Yaya soja, Nasara suka ƙetare teku da shi, damina biyu ba shi ba labarinsa, har wasu suka fara yi wa Inna gaisuwar da ba a faɗi sunanta. Da bazarar bana ya dawo, ramamme, ba ya son magana. Ina Yamai na ji labari na yi murna. Da na iso na tarar da Abu da tsohon ciki na ƙara murna. Da damina ta tsaya sosai ta haifi namiji, na yi guɗa iyakar iyawata. Ku lura, ni mai cin lissafi a lakwal, ko sau ɗaya ban haɗa bazara da damina na ga abin da suka bayar ba.

Ranar jajibiri da hantsi tsakar gida ta cika. Ana daka, ana surfe, tukunyar ruwan wankan jego tana tafasa a gefe, ƙamshin kunun kanwa ko'ina. Abu tana kwance a ɗakinta, ƙofa buɗe, jinjiri a gefenta. Ƙanwar Baba, Gwaggo Tamo, ta zo daga Kornaka, ta zauna bisa tabarma tana tsince shinkafa tana ba da labari, maƙwabta suna saurare.

"Ikon Allah ke nan," in ji Gwaggo. "Ya tahi ya bar ta da shi, cikin ya ji uban bai nan ya kwanta abinai. Ya ji ƙamshin dawowa tai, ya tashi. Mu a Kornaka akwai wadda nata ya shekara ukku kwance. Yaron ga shi can, shi ka kiwon shanun mai gari."

Mata suka ce, "Allah mai iko."

Ni kuwa na yi dariya. Ba ƙaramar dariya ba, irin ta wanda ya san abu.

"Ke ƴal lakwal, mi ya ba ki dariya?" in ji Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, ai ciki ba ya kwanciya."

Inna ta ɗago daga bakin murhu ta dube ni. Na san wannan kallon tun ina rarrafe, ma'anarsa rufe baki. Ranar nan sai na ɗauka cewa take yi, nuna musu, ɗiyata. Na tsuguna, na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinke na zana kan mutum da ɗan ɗigo a ƙarƙashi, na ja layi zuwa ƙasa, na zana mahaifa da gidajen ƙwai biyu (wata maƙwabciya ta ce ai kan rago ne da ƙahoni, aka yi dariya, dariyar ta ƙara min ƙarfi). Na yi musu karatun Madamu tun daga fari. Na kawo ƙaramin kumandan, na kawo masu raƙuma. Na ce saƙon da ke riƙe ciki ba ya tsayawa ya huta a hanya, in ya tsaya cikin zubewa yake yi. Na ce ko a Dakoro ko a ƙasar Nasara wata tara ne, in ya daɗe ya ɗan gota kaɗan.

Gwaggo ta ce, a hankali, "To mun jiya. Tashi ki kama ma uwakki aiki."

Ƙofa ce ta buɗe min in fita. Ban ga ƙofar ba. Na ga dai kamar ba su gamsu ba, kuma Madamu ta koya mana in an yi bayani a kawo misali.

Na ce, "Ku tsaya in ba ku misali. Ga Abu nan. Ta haihu yanzu tsakiyar damina ko? To mu koma baya." Na ɗaga yatsu ina naɗewa ɗaya ɗaya, da ƙarfi, kamar ina gaban tablo, allon aji. Na wuce farkon damina, na wuce bazara, na shiga sanyi. "Kun gani, cikin ya shiga ne bayan kaka, lokacin da Yaya yake..."

A nan bakina ya tsaya, yatsuna a sama.

Taɓarya uku ake daka da su, duka suka tsaya. Ba abin da nake ji sai tafasar tukunya. Ƙululun bisa ƙodata ya yi aikinsa daidai yadda aka koya mana: zuciyata ta buga, bakina ya bushe, zufa ta karyo min har tafin ƙafa. Na waiwaya ɗakin Abu. Tana kallona, ba fushi a fuskarta, da fushi ne ma da na fi so. Ta miƙa hannu ta saki asabari.

Maƙwabta biyu suka tuna sun bar tuwo bisa wuta. Inna ta zo ta sa ƙafa ta shafe zanen.

Na ruga bayan gida don in ɓuya. A can, bayan zana, na tarar da Yaya Isuhu a tsugune yana ba ragon suna harawa. Tsakaninsa da tabarmar Gwaggo ba abin da ya raba sai karan zanar nan. Na so ƙasa ta tsage.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Abin ga da kika hwaɗi, haka yake a takarda?"

Na tsaya ina kallon ragon.

"Ba tambayakki nike don ban sani ba," ya ce. "Inda aka kai mu na kwanta gidan likita, na ga abin da ke ba ki gani ba. Kuma na iya ƙidayar wata tun ba a haihe ki ba. Na dawo na iske matata da rai, uwata da rai, aka ce min ciki ya kwanta, na ce alhamdu lillahi. Wa ya aike ki?"

Na fashe da kuka, na ce wallahi ban nufi komai ba.

"Na sani. Wanda ya nufa ai shina da sauƙi." Ya shafa wuyan ragon. "Gobe da sahe za a yanka wanga, a raɗa ma yaro suna, ɗana ne. Amma ke kika ɓata, ke za ki gyara. Koma ki ce musu kin yi mantuwa."

"Yaya, in ce mi?"

"Ke ce mai ilimi."

Haka na koma tsakar gida, ido jawur, na durƙusa gaban Gwaggo, gaban sauran matan da ba su tafi ba. Na ce a gafarce ni, akwai wani shafi a ƙarshen littafin da na mance. Na ce Madamu ta ce in miji ya yi tafiya mai nisa, baƙin ciki yakan sa ƙaramin kumandan ya rufe bariki ya yi barci, masu raƙuma su sauke kaya, komai ya tsaya cik sai mai gida ya dawo. Ina faɗa ina jin kamar Madamu tana tsaye bayana da jan alƙalami. Ban taɓa yin ƙarya mai tsawon wannan ba, kuma ban taɓa samun masu saurare masu natsuwa irin na ranar ba.

Gwaggo ta gyaɗa kai, ba ta ko murmusa ba. Ta ce, "Kun jiya? Ashe Nasara ma sun sani." Ta juya ga mai daka, "Ke, gero bai daka kanai."

Aka yi suna. Aka yanka rago, Yaya ya raba goro da hannunsa, ya zauna da baƙi har la'asar. Sai dai matan nan biyu da suka tafi duba tuwo ba su ji shafin ƙarshe ba. Na farkon suka tafi da shi, kuma kafin Abu ta gama wankan jego ya zagaye bakin rijiya ya kai har kasuwar dabbobi. Ba wanda ya faɗi komai a fili. Mata dai sukan shigo barka su daɗe suna duban kunnen jinjiri.

Ana gobe zan koma lakwal na yi ƙarfin hali na ɗaga asabarin nan. Abu tana ba da nono. Na zauna a ƙasa na ce ta yafe min. Ta gyara wa jinjirin kai, sannan ta ce, "Littahin naku, an rubuta yadda mace ka yi in an ce mata mijinta ya mutu bayan teku, ba gawa, ba takaba, ba kowa?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To. Allah shi kai ki lahiya."

Ban tambaye ta komai ba, kuma ba zan taɓa tambaya ba. Da ta yi arba'in ta roƙi a bar ta ta je ganin gida Mai Yara. Wani direban kamyo ɗan unguwarmu ya gaya min har yanzu tana can. Ya ce Yaya ya je biko sau ɗaya, ta ce masa ba shi take gudu ba, rijiyar Dakoro ce ba za ta iya ba. Ya ce zai sake komawa. Kullum in na yi salla wannan nake roƙo, kuma ina tsoron bakans mai zuwa kamar yadda ban taɓa tsoron jarrabawa ba.

Abin da Madamu ta koya mana gaskiya ne, in aka tambaye ni a takarda gobe wata tara zan rubuta. Amma na koma gaban hoton nan na bi ƙululan ɗaya bayan ɗaya, na wuya, na ƙoda, na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ina neman wanda ke aika wa harshe saƙon ya tsaya. Babu shi. Wannan aikin mutum aka bar wa, ni kuwa sai da na raba mace da ɗakinta na sani.