Ranar da Famfo Ya Yi Tari a Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin matata Rakiya ba, ko da kuwa zan manta sunayen jikokina (ina kuwa mantawa, su ma sun sani). Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa, aka ja mana wayar lantarki da bututun ruwa cikin Keffi, kowa yana jin ya zama ɗan birni. Ni lokacin ƙaramin akawu ne, saurayi, ina zaune ni kaɗai a sashen da mahaifina ya bar mini a unguwar Yara. Albashi na ɗan motsawa na sa aka shigar mini da famfo tsakar gida, aka rataya mini ƙwan lantarki a ɗaki. Randar da na gada ma kyautar da ita na yi. Wai ni mai famfo, me zan yi da randa?

Ba a je ko'ina ba na gane wuta da ruwan nan baƙi ne, ba 'yan gida ba. Su zo sanda suka ga dama, su tafi ba sallama. Ni kuma Allah ya yi ni da rashin zama wuri ɗaya, sai na ɗauki shiri kamar za a yi yaƙi. Na sayi fitilar ƙwai, na sayi aci-balbal, kyandir, galan ɗin kananzir, dutsen guga na gawayi. Ashana kuwa babu lungun da ban cusa ba, har cikin hular sallata. Duk abin da ke da baki a gidan na ɗura masa ruwa: bokiti, buta, kwalaben lemo, tukunyar miya. Na tafi Sabon Gari na sayo tsohon duro wurin wani makanike, na wanke shi har hannuna ya saɓule, amma shayina bai daina warin man inji ba.

To akwai dabarar da kowa ke yi a layinmu. Idan aka ɗauke ruwa, sai ka bar famfo a buɗe, don in ya tashi dawowa sai ya yi tari tukuna, kowa ya ji ya ruga da bokiti. Ni sai na ce nawa ya fi na kowa. Na ɗaura tiyo a bakin famfo, na zura shi ta taga har cikin duron da na ajiye a ɗaki (saboda ganyen mangwaro da ƙadangaru), ko ina barci ruwa ya kawo kansa. Har a ofis na yi ta cika baki da wannan fasaha.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, a ɗakin nan, a ƙasa, dab da duron, fantimotin lefen Rakiya yake. Atamfofi, leshi, mayafai, duk abin da na daɗe ina tarawa ina hana cikina.

Mahaifinta, Malam Tanko, dattijo ne mai sayar da hatsi, magana ɗaya sai ya juya ta ya auna kafin ya sake ta. Iyayena sun je, an karɓe su, amma ya ƙi sa rana. Ya ce sai ya ga yaron da idonsa, don ya ji an ce 'yan ofis rawar kai gare su. Ranar da za mu je, abokina Audu ya ɗauko ni a babur ɗinsa yana yi mini huɗuba tun daga ƙofar gida.

"Kai fa na san ka. Kada ka ɗago kai, kada ka yi susa, kada ka tashi sai an sallame ka."

"Haba Audu, yaro ne ni?"

Bayan azahar muka isa. Muka tuɓe takalma a bakin zaure, muka durƙusa. Malam yana kan buzu, ƙannensa na gefe suna ƙare mini kallo. Aka gaisa, aka yi nasiha, duk na daure, ƙafata ta yi sanyi ban motsa ba. Sai Malam ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ya fara da iyaye da kakanni. Yana kan malamansa ke nan na ji wani abu daga cikin gida: kwaf, kwaf, fuuu. Sai muryar mata: "Ruwa ya dawo! Ku miƙo bokiti!"

Jama'a, sai na tuna. Famfona a buɗe. Tiyo a cikin duro. Ƙofar sashena da kwaɗo, makullin kuma ga shi nan yana sukar cinyata a aljihu. Na fara ganin duro ya cika ya tumbatsa, fantimoti ya jiƙe ya yi laushi, jan atamfa yana zuba cikin farin leshi.

Na karkata na raɗa wa Audu, "Famfona a buɗe yake."

Ya ce "Amin," ya zungure ni da gwiwar hannu.

Sai na ce bari in taya Malam sauri. Kafin ya rufe baki na cafe da "Amin!" da ƙarfi. Ashe na jawo wa kaina. Dattijo ya ji daɗi ya samu suruki mai son addu'a, ya gyara zama, ya shiga yi wa matafiya, da marasa lafiya, da masu noma, da masu kiwo addu'a. Gumi ya jiƙa mini babbar riga. Daga ciki kuwa ina jin ruwa yana dukan gindin bokiti, kowane sauti kamar a kan lefena yake sauka.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Hannuwana suna sama yadda suke, na ce, "Baba, a gafarce ni, famfo!" Na tsallake ƙafar wani ƙanin Malam, na zura takalma, na ari ta kare. Babur ɗin Audu yana jingine a ƙofa, ko kallonsa ban yi ba.

Ina gudu riga tana tashi, mutane suna tambaya, "Lafiya, Malam? Gobara ce?" Ni kuwa numfashi bai bar ni na ce komai ba sai "Ruwa! Ruwa!" Ai kuwa wasu bayin Allah suka ɗauko ɗan ruwan da suke tattali suka biyo ni. Da ayari na isa gida. Na buɗe kwaɗo, na banka ƙofar ɗaki.

Ƙasa a bushe ƙamas. Fantimoti yana zaune lafiya lau. Famfo ko ɗigo bai yi ba, wani ƙadangare ma yana kwance kan tiyo yana gyaɗa mini kai. Layinmu a kan tudu yake, ruwa sai ya gama da kowa yake hawo mana, in ya hawo. Na fi kowa sanin haka, ni da nake ba da lacca a ofis. Masu bokiti suka dube ni, suka dubi juna. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Ɗan nan, takalmanka kuwa ɗaya ne?"

Na sunkuya. Ƙafar hagu nawa ne. Ƙafar dama kuwa takalmin fatar Malam Tanko ne.

Tafiyar komawa ita ce mafi tsawo da na taɓa yi a garin nan. Na iske Malam zaune bakin zaure, an kira la'asar, ya yi alwala, ga takalma biyu da ba su san juna ba a gabansa. Audu ya juya baya kamar bai taɓa ganina ba. Daga bayan ƙyaure ina jin wata na danne dariya, na kuma san muryar. Na durƙusa na ajiye takalmin, na so ƙasa ta tsage.

Malam ya ce, "Duron ya cika?"

"Ruwan bai zo ba, Baba."

"To." Ya zura takalminsa a hankali. "Da ka ƙara haƙuri kaɗan. Addu'ar da ta rage taka ce da Rakiya."

Na sunkuyar da kai. Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce, "'Yata ba za ta zauna gidan da maigida ke zabura don ƙarfe ya yi tari ba. Je ka haƙa rijiya. Ranar da guga ya fito da ruwa, ka aiko a sa rana."

Haka bikin da na ƙwallafa rai a yi kafin azumi ya koma bayan babbar salla, ni kuma kullum ina leƙen rami ina tambayar masu haƙa ko sun ga danshi. Rijiyar tana nan har yau, unguwa guda ke sha. Famfon kuma Rakiya tana shanya tsumma a kansa. Duk sanda za mu fita unguwa, sai ta bari na kulle ƙofa tukuna ta ce, "Malam, famfo fa?"

Abin da na koya bai da yawa. Shiri yana da kyau, amma ka rufe famfonka kafin ka fita. In kuma har ta kama sai ka gudu daga gaban surukinka, to ka dubi ƙafarka tukuna.