Ranar da na Kori Surukina daga Kujera

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da anka samu 'yancin kai ba, ba don tuta ba, don abin kunyar da na tafka a filin makarantar Bagudo.

Lokacin wata huɗu da aurena, ina saida kifi a kasuwa. Malamin firamare ya shirya wasan kwaikwayo na biki, yana neman mace mai murya, kowa ya nuna mai ni. (Ba yabo ba ne. In na yi ciniki, har 'yan ƙetaren iyaka suna ji.) Maigidana ya yarda, shi dai roƙonsa kada in jawo mai magana wurin mahaifinsa. Tsohon nan ban taɓa kallon idonsa ba, daga bakin ƙofa nike durƙusawa in gaishe shi.

Ban iya karatu ba sannan, sai da na yi jikoki na koya, don haka da baki Malam ya riƙa ɗura mani maganata. Kwana goma muna gwaji. Ya ce wurin da anka jera benci anka shimfiɗa katako shi ne dandali, kowa da gefen shigarsa da na fitarsa. Ni matar wani malalaci ce, Mamman maƙeri ke yin mijin. Duk sanda na juya zan yi wa Mamman faɗa sai Malam ya tsayar da wasan, wai na ba 'yan kallo baya. Ya ce jiki da fuska na jama'a ne, murya kuma ta kai ga na can ƙarshe. Na riƙe wannan gam.

Ranar biki da hantsi fili ya cika, har daga Bahindi da Kurgu an zo. Na shigo ta gefena, Mamman na kwance bisa tabarma yana minshari. Na tuna Malam, na ba Mamman ƙeya, na fuskanci jama'a, na zare ido, na ɗaga yatsa.

"Kai, tsohon banza, tashi ka ba ni wuri!"

Sai da maganar ta fita na ga wanda yatsan ya nuna. Surukina ne, a kujerar gaba. Bawan Allah bai taɓa ganin wasa ba. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya tattara rigarsa, ya miƙe tsaye.

Ban san sanda na diro daga katakon ba. Na zube gabansa, na ja gyale na rufe fuska, ina ta "Baba, ka yi mani gafara, ba da kai nike ba." Mamman ya ɗago kai yana tambayar ko ya ci gaba da barcin. Mutane sunka ɗauka cikin wasan ne, sunka yi ta tafi.

Na kwana biyu ina jiran a ce in tattara kayana. Rana ta uku na kai wa surukina tuwo. Ya dube ni, sannan ya ce, "'Yar nan, nan ma in tashi, ko in zauna?" Yana dariya har da tari.

Yaran yanzu masu son wasa, ku bi maganar malaminku, ku fuskanci jama'a. Amma kafin ku ɗaga yatsa, ku leƙa ku ga wa anka ba kujerar gaba.